Idan ruwa ya canza launi: gansakuka, fushin jama'a da na'urar da ke auna shi

A ranar 13 ga Agustan 2018, gwamnan jihar Florida ta Amurka a lokacin, Rick Scott, ya ayyana dokar ta-ɓaci a gundumomi bakwai na gaɓar tekun jihar. Dalili kuwa shi ne wata halitta da ido ba ya iya gani sai da madubin ɗakin bincike, wadda ta yi yawa har ta rine teku, ta kashe kifaye, ta kuma hana mutane numfashi cikin sauƙi a bakin ruwa. Saura ƙasa da wata uku a yi zaɓe, gwamnan kuma yana takarar kujerar majalisar dattawa. Abin da ya biyo baya ya zama ɗaya daga cikin misalan da masana ke komawa gare su idan ana batun amfani da kwamfuta wajen auna ra'ayin jama'a a kafafen sada zumunta yayin bala'in muhalli. Wannan maƙala ta tattaro bayani kan ɓangarorin biyu: abin da ke rina ruwa, da yadda na'ura ke karanta abin da mutane ke faɗa a kansa.

Abin da ke rina ruwa

Gansakuka kalma ce da Bahaushe ya sani daga kududdufi da bakin rijiya. A fagen kimiyya, abin da kalmar ke nuni gare shi babban gida ne mai dangi dubbai, yawancinsu masu ƙwayar halitta guda ɗaya tal, suna yawo cikin ruwa suna haɗa abincinsu da hasken rana kamar yadda tsiro ke yi. Ta bambanta da kainuwa, wadda cikakken tsiro ce mai ganye da saiwa. A kullum akwai gansakuka a cikin teku da tafki da kogi, kuma da ita ƙananan halittun ruwa ke rayuwa. Matsala tana tasowa ne idan wani iri guda ya samu abinci mai yawa da ɗumi da ruwa marar motsi, sai ya hayayyafa cikin 'yan kwanaki har ya mamaye wurin.

Launin da ake gani yana fitowa ne daga sinadaran da ke cikin ƙwayoyin. Tafkin Retba na Senegal, mai nisan kusan kilomita 35 daga Dakar, ya yi suna da ruwan hoda saboda *Dunaliella salina*, wadda ke jure gishiri mai tsanani tana kuma tara jan sinadari don kare kanta daga zafin rana. A 2022 ruwan ambaliya ya kwarara cikin tafkin ya tsarma gishirinsa, launin ya gushe, masu haƙar gishiri da masu jagorar 'yan yawon buɗe ido suka shiga wani hali. A Bahar Maliya kuwa, *Trichodesmium erythraeum* kan bar jan shafi a saman ruwa, kuma wasu masana na ganin daga nan tekun ta samo sunanta a harsunan Turai. Kore da shuɗi-shuɗin da ke rufe tafkunan ruwan daɗi yawanci aikin wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani da hasken rana, waɗanda ake lissafawa cikin gansakuka saboda kamanni.

Canjin launi shi kaɗai ba ya nufin guba. A yankin Kanem na ƙasar Chadi, matan Kanembu sun daɗe suna kwasar koriyar gansakuka daga tafkunan kanwa, su shanya ta a kan yashi, su farfasa ta su kai kasuwa da sunan dihe, ana yin miya da ita. Ita ce duniya ta sani da sunan sifirulina, mai yawan sinadarin gina jiki. Akwai kuma irin da kan cutar alhali ruwan bai nuna wani launi na a-zo-a-gani ba. Hukunci na ƙarshe yana hannun ɗakin bincike.

Jan ruwan Florida

Halittar da ta addabi Florida sunanta *Karenia brevis*, an raɗa mata shi don karrama Karen Steidinger, masaniyar da ta shafe shekaru tana nazarinta a jihar. Tana fara taruwa ne can cikin Mashigin Tekun Meksiko, nesa da gaɓa, sannan iska da igiyar ruwa su turo ta bakin teku. Tana fitar da dafin da ke taɓa jijiyoyi. Dafin yana kashe kifi da kunkurun teku da ayu da tsuntsaye, yana taruwa a jikin kawa har ya cutar da wanda ya ci, idan kuma raƙuman ruwa suka farfasa ƙwayoyin sai ya bi iska ya jawo tari da ƙaiƙayin ido, abin da ya fi tsananta ga masu ciwon asma.

Hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar tana auna ta ne da yawan ƙwayoyi a cikin lita ɗaya ta ruwa. Daga ƙwaya 5,000 ake rufe wuraren kamun kawa. Daga 100,000 zuwa miliyan ɗaya mataki ne na tsaka-tsaki, inda mutuwar kifi ta zama abin da ake tsammani. Abin da ya haura miliyan ɗaya shi ne mataki mafi girma, kuma a nan ne ruwa kan rine sosai.

An rubuta aukuwar jan ruwa a Florida tun cikin shekarun 1840, kafin birane da gonakin zamani su cika jihar. Akwai ma binciken da ya danganta shi da ƙurar Sahara: iska kan ɗauki ƙurar ta tsallaka Tekun Atilantika da ita, sinadarin ƙarfen da ke cikinta ya ciyar da *Trichodesmium*, ita kuma ta samar da naitirojin da *Karenia brevis* ke buƙata. Sai dai idan ta iso gaɓa tana tarar da wani abincin da ɗan adam ya zubar: takin zamani daga gonaki da filayen ciyawa, da ruwan shadda da na magudanai. Wani bincike da masanan Jami'ar Florida suka jagoranta, wanda aka wallafa a 2022, ya nuna cewa naitirojin da ke gangarowa ta Kogin Caloosahatchee yana ƙara wa jan ruwan ƙarfi a gaɓar kudu maso yammacin jihar.

Aukuwar da ake magana a kai ta fara ne a ƙarshen 2017, ba ta lafa ba sai farkon 2019. An kwashe matattun halittun ruwa da nauyinsu ya kai dubban tan, ayu fiye da 200 suka mutu, haka ma ɗaruruwan kunkurun teku. A daidai wannan lokaci kuma koriyar gansakuka ta rufe mafi yawan Tafkin Okeechobee, ana sakin ruwansa zuwa gaɓar gabas da ta yamma.

Yadda batun ya koma siyasa

Masu adawa da Scott sun tuno cewa a 2011 an zaftare kusan dala miliyan 700 daga kasafin hukumomin kula da ruwa na jihar, kuma a 2012 ya sa hannu kan soke dokar da ta wajabta duba shaddodin gidaje. Suka laƙaba masa sunan “Red Tide Rick”, wato Rick na jan ruwa, sunan ya bazu a Twitter da Facebook da allunan masu zanga-zanga. Shi kuwa ya dage cewa jan ruwa abu ne na halitta, ya kuma ɗora laifin matsalar Okeechobee a kan gwamnatin tarayya da abokin takararsa, Sanata Bill Nelson.

Wanda ya dogara da abin da ke yawo a shafukan sada zumunta kaɗai zai iya ɗauka gwamnan ya gama faɗuwa. Da aka kammala sake ƙirga ƙuri'u, Scott ya yi nasara da ratar kusan ƙuri'a 10,000 daga cikin fiye da miliyan takwas. Duk da haka hayaniyar ba ta tafi a banza ba. Sabon gwamna Ron DeSantis, kwana biyu da rantsar da shi a Janairun 2019, ya sa hannu kan umarnin kafa kwamiti na musamman kan koriyar gansakuka tare da alƙawarin dala biliyan 2.5 cikin shekara huɗu don gyaran dausayin Everglades da kare ruwa.

Yadda na'ura ke tantance ra'ayi

Tantance ra'ayi ta na'ura shi ne a sa manhaja ta karanta rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa ta rarraba su: wannan yabo ne, wannan suka ne, wannan kuma ba ya nuna ko ɗaya. Aikin yana bin matakai huɗu. Da farko a tattaro saƙonnin da ke ɗauke da wasu zaɓaɓɓun kalmomi, a cikin wani lokaci ko daga wani yanki. Na biyu a tace su, a cire maimaici da talla da adireshin shafuka. Na uku a ba kowane saƙo maki. Na huɗu a tara makin bisa rana ko gari, a zana shi don a ga hawa da saukarsa.

Hanyoyin ba da makin iri uku ne. Mafi sauƙi ita ce ta ƙamus: a tanadi jerin kalmomi, kowacce da makinta, manhaja ta haɗa jimilla. Shahararriya a wannan fage ita ce VADER, wadda C. J. Hutto da Eric Gilbert suka fitar a 2014 don Ingilishin kafafen sada zumunta. Tana da kalmomi da alamomi kusan 7,500, tana ba saƙo maki daga −1 zuwa +1, tana kuma lura da kalmar korewa da manyan haruffa da alamar motsin rai. Hanya ta biyu ita ce koyarwa da misali: mutane su karanta dubban saƙonni su sa wa kowanne alama, manhaja ta koyi tsarin da kanta. A 2002 Bo Pang da Lillian Lee da Shivakumar Vaithyanathan sun gwada haka a kan sharhin finafinai, suka samu dacewar da ta kai kusan kashi 80 cikin ɗari. Hanya ta uku ita ce ta manyan manhajojin ƙirƙirarriyar basira, irin BERT da kamfanin Google ya fitar a 2018, waɗanda ke fara koyon harshe daga rubutu mai tarin yawa, don haka suna duba kalma ne tare da maƙwabtanta a jimla.

Akwai abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa. Yawan magana daban, launin magana daban, matsayin mai magana kuma daban. Wanda ya rubuta cewa mutuwar kifi abin takaici ne ya nuna ɓacin rai, amma bai faɗi ko gwamna yake zargi ko manoma ko sauyin yanayi ba. Manhajar da ke rarrabe yabo da suka ba ta amsa wannan tambaya ta uku, alhali ita ce ɗan siyasa da ɗan jarida suka fi buƙata.

Abin da aka gano a Florida

A 2021 mujallar kimiyya ta *Harmful Algae* ta wallafa binciken da Andrey Skripnikov da abokan aikinsa suka yi kan saƙonnin Twitter na lokacin jan ruwan. Sun la'akari da launin saƙonnin da kuma irin masu aiko su, kafofin labarai ne ko mazauna gari. Sannan suka kwatanta su da abubuwan da aka auna a zahiri: yawan ƙwayoyin *Karenia brevis*, matattun kifaye a bakin teku, da rahoton tari da shaƙewa. Sun tarar da dangantaka mai ƙarfi tsakanin yawan saƙonnin wani yanki, gwargwadon yawan mutanensa, da halin da tekunsa ke ciki. Sun kuma ga cewa kusancin wuri da gaɓar da abin ya shafa yana tafiya tare da yawan magana a kai.

Amfanin wannan a bayyane yake. Ɗibar ruwa da ƙirga ƙwayoyi yana buƙatar jirgi da ma'aikaci da lokaci. Taurarin ɗan adam irin Sentinel-3 na Tarayyar Turai suna hango launin ruwa daga sama, amma gajimare na tare su, kuma ba sa jin wari ko tari. Mutumin da ke tsaye a bakin teku yana ji, yana kuma iya faɗa nan take. Masu binciken sun ɗauki wannan hanya ne a matsayin ƙari kan sauran ma'aunai.

Inda na'urar ke tuntuɓe

Matsala ta farko ita ce su wa ke magana. Cibiyar Pew ta ba da rahoto a 2019 cewa kashi 22 cikin ɗari na manyan Amurkawa ne ke amfani da Twitter, kuma kashi goma na waɗannan su ne ke rubuta kashi 80 na saƙonni. Wannan ya taimaka wajen fahimtar yadda fushin intanet ya kasa hasashen sakamakon zaɓen Scott. Kaso kaɗan ƙwarai na saƙonni ne kuma ke ɗauke da ainihin wurin da aka aiko su, ga shafukan bogi da 'yan farfaganda na haya da za su iya kumbura adadi cikin dare ɗaya.

Ta biyu ita ce ji-ta-ji-ta. A bazarar 2022 kifaye suka mutu a Kogin Oder da ke tsakanin Polan da Jamus, aka kwashe kusan tan 360. Masunta sun fara gani tun ƙarshen Yuli, gargaɗin hukuma ga jama'a bai fito ba sai cikin Agusta, har Firaminista Mateusz Morawiecki ya sallami shugabannin hukumomi biyu. A kwanakin farko labarin da ya cika kafafe shi ne an zuba sinadarin makuri. Daga baya bincike ya nuna cewa dafin gansakukar *Prymnesium parvum* ne, wadda ta samu dama saboda ruwan gishiri daga masana'antu da mahaƙai, ga zafi ga ƙarancin ruwa. Jama'a sun riga hukuma ganin alamar, amma hasashensu kan musabbabi ya kauce. Na'urar tantance ra'ayi tana auna zafin magana, ba ta da ma'aunin gaskiyarta.

Ta uku ita ce harshe. Mai magana da Hausa zai gane wannan cikin sauƙi. “Ba laifi” yabo ne, amma ƙamus zai ga kalmar laifi ya rage maki. “Allah ya isa” ba ta ƙunshi zagi ko ɗaya ba, alhali tana cikin mafi nauyin kalaman ƙorafi. “Sannunku da ƙoƙari” a ƙarƙashin hoton famfon da ke zubo koren ruwa gatse ne tsantsa. Yawancin masu rubutu a waya ba sa sa haruffa masu lanƙwasa, don haka “kasa” na iya nufin gazawa ko ƙasar haihuwa. Ga Ingausa, ga habaici da zambo, ga kuma saƙon murya a WhatsApp da bidiyon TikTok, waɗanda manhajar karatu ba ta kai gare su.

An fara cike wannan giɓi. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter kusan 30,000 ga kowanne daga Hausa da Ibo da Yarabanci da Turancin buroka, waɗanda masu jin harsunan suka sa wa alama da hannu. A 2023 aka faɗaɗa aikin zuwa AfriSenti mai harsunan Afirka 14 da saƙonni fiye da 110,000. Manhajar da aka koyar da hirar siyasa ko ta ƙwallo tana buƙatar ƙarin misalai kafin ta fahimci maganar masunta da manoman rani.

Ta huɗu ita ce mallakar bayanai. A 2023 Twitter ta rufe ƙofar da masu bincike ke ɗibar saƙonni kyauta ta sa mata kuɗi mai yawa. A Agustan 2024 kamfanin Meta ya rufe CrowdTangle, wadda 'yan jarida ke bin diddigin Facebook da ita. Gwamnati ma tana iya toshe mafarin: Najeriya ta dakatar da Twitter daga 5 ga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022. Duk nazarin da ya ratsa waɗannan watanni bakwai ya rasa muryar waɗanda suka bi umarnin.

Sauraro ko sa ido

Manhajar da ke nuna wa hukumar ruwa unguwar da ake kuka da wari ita ce kuma za ta iya nuna wa jami'an tsaro wanda ya fi kowa ɗaga murya. A ƙasar Sin, Wu Lihong ya shafe shekaru yana gargaɗi kan gurɓata Tafkin Tai. An kama shi a Afrilun 2007. A ƙarshen Mayun wannan shekara koriyar gansakuka ta lalata ruwan shan mutum kusan miliyan biyu a birnin Wuxi, shi kuma aka yanke masa ɗaurin shekara uku bisa tuhumar zamba da karɓar kuɗi ta hanyar barazana. Wannan ya faru ne kafin irin waɗannan manhajoji su yaɗu. A yau gano mai irin wannan murya a cikin miliyoyin saƙonni ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, abin da ya sa tambayar wa ke riƙe da bayanan, da kuma ko an cire sunayen mutane, take da nauyi.

Abin da ya kamata mai karatu ya tambaya

Idan aka gabatar da rahoto cewa kashi kaza na jama'a sun fusata ko sun gamsu bisa nazarin kafafen sada zumunta, akwai tambayoyi biyar da ke bayyana ƙimarsa. Daga wace kafa aka ɗebo saƙonnin, kuma da waɗanne kalmomi? A wane harshe aka koyar da manhajar? Mutane sun duba wani kaso da idonsu don a san yawan kuskurenta? An ware shafukan bogi da na kafofin labarai? Da wane ma'auni na zahiri aka kwatanta sakamakon? Binciken Florida ya samu karɓuwa ne saboda ya amsa ta ƙarshen da ƙirgar ƙwayoyi da matattun kifaye.

Game da ruwan kansa, abin da ya faru a Toledo ta jihar Ohio ya isa darasi. A ranar 2 ga Agustan 2014 aka hana mutum kusan 400,000 shan ruwan famfo har tsawon kwana uku saboda dafin maikurosistin daga gansakukar Tafkin Erie, dafin da ke lahanta hanta. An kuma gargaɗe su kada su tafasa ruwan, domin tafasawa ba ta kashe wannan dafi, sai ma ta ƙara masa kauri yayin da ruwa ke ƙonewa. Duk inda tafki ko madatsar ruwa ta yi kore kamar an zuba fenti, ko ta tara kumfa mai wari, shawarar masana lafiya ita ce a nisanta yara da dabbobi daga wurin, kada a sha, kada a yi wanka, a ɗauki hoto da kwanan wata da sunan wurin, a kai wa hukumar da ke da alhakin gwada ruwan.